Kukan ƙofar aji: yadda ake shirya yaro ya saki uwarsa kafin ya fara makaranta

Malamar Reno:
Assalamu alaikum. Sabon zangon karatu na ƙaratowa, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar ajin renon yara a makon farko ya san abin da ke tafe. Yaro ya ƙanƙame ƙafar uwarsa da hannu biyu, fuska shaɓe-shaɓe da hawaye da majina, uwa tana ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ita ma idonta ya ciko. Ina so mu tattauna wannan da kyau, musamman a kan 'yan shekara 3 zuwa 5 da za su shiga aji karo na farko.

Ga inda na tsaya. Yawancin aikin ana yin sa ne mako uku ko huɗu kafin a buɗe makaranta. Abin da ke firgita yaro shi ne ba shi da tabbacin za a dawo a ɗauke shi, kuma wannan tabbacin baki ba ya bayar da shi. Sai ya ga an tafi an dawo, an sake tafiya an sake dawowa, a daidai lokacin da aka faɗa masa. Me kuka ga yana aiki, me kuma ke dagula lamarin?

Malamin Halayyar Yara:
Wa alaikumus salam, Malama. Bari in fara da tushen abin, don iyaye da yawa suna ɗaukar sa shagwaɓa ce ko an sangarta yaro.

Ƙulafucin uwa mataki ne na girma. Yakan bayyana tsakanin wata 6 zuwa 8, lokacin da jariri ya fara gane cewa abin da ya ɓace wa ganinsa yana nan a wani wuri. Da ya gane haka sai ya fara neman uwarsa idan ta fita. Abin yakan yi ƙarfi tsakanin wata 10 zuwa 18, sannan ya riƙa sassautawa zuwa shekara 2 ko 3. Amma yakan dawo duk lokacin da aka sami babban canji: sabon gida, sabon ƙane, jinya, ko shiga makaranta. Saboda haka ɗan shekara 4 da ya daɗe da daina kuka idan uwarsa za ta fita, in ya koma yi a makon farko na makaranta, ba baya ya ci ba.

John Bowlby, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, shi ya shimfiɗa bayanin cewa shaƙuwar yaro da mai renonsa kariya ce da aka halicce shi da ita. Mary Ainsworth, masaniyar halayyar yara, ta bi diddigin wannan a gidajen iyalai a Yuganda a 1954 zuwa 1955, daga baya ta tsara wani gwaji a Baltimore ta Amurka, inda uwa ke fita daga ɗaki ta bar ɗan shekara ɗaya na 'yan mintuna sannan ta dawo. Abin da suka fi zuba wa ido shi ne yadda yaron ke yi idan ta dawo. Wanda ya yi kuka, ta shigo ya ruga gare ta, ta ɗauke shi ya yi ajiyar zuciya ya koma wasansa, shi ne mai ingantacciyar shaƙuwa. Don haka kukan rabuwa shi kaɗai ba alamar matsala ba ne.

Sai kuma bambancin hali. Binciken wasu likitoci biyu, Thomas da Chess, wanda suka fara a New York a 1956, ya sami kusan kashi 15 cikin 100 na yara masu jinkirin sabawa da sabon abu ne tun daga haihuwa. Irin waɗannan suna buƙatar lokaci fiye da 'yan'uwansu, ko da uwa ɗaya uba ɗaya ne.

Baban Yara:
Malam, na yarda da bayaninka, amma ina ganin muna ƙara wa abin gishiri. Yaro zai yi kuka minti biyar ya yi shiru. Hanya mafi sauƙi ita ce a bari hankalinsa ya tafi kan kayan wasa, uwa ta faki idonsa ta sulale. Babu kuka, babu jan riga, kowa ya huta. Tsayawa sallama ai shi ke tuna masa za a tafi.

Malamar Reno:
Baban Yara, wannan ita ce shawarar da aka fi ba iyaye, kuma ita ta fi kowace ɓarna. Uwar da ta sulale ba ta ga kukan ba, amma an yi shi, bayan ta fita.

Ga abin da malamar aji ke gani. Yaron yana tsakiyar jera tubalan wasa, ya ɗaga kai zai nuna wa uwarsa abin da ya gina, ba ta nan. Ya miƙe, ya leƙa bayan ƙofa, ya leƙa banɗaki, ya je taga. Sai kuka ya ɓalle, irin mai firgici, wanda ya bambanta da kukan ban kwana. Washegari kuwa ko an zube masa kayan wasan duniya ba zai taɓa ba, domin ya koyi darasi: duk lokacin da na shagala, ɓacewa take yi. Zai riƙe gefen rigarta da hannu ɗaya, idonsa a kan fuskarta. Har gida abin ke binsa, uwa ta tashi shiga banɗaki ya bi ta yana ihu.

Sallama tana jawo kuka a gabanki, gaskiya ne. Amma kukan wanda aka gaya wa gaskiya ya fi saurin lafawa, kuma yana raguwa kullum. Na wanda aka yaudara ƙaruwa yake yi.

Baban Yara:
To na ji. Amma akwai iyayen da sallamarsu ke kai minti ashirin, a tafi a dawo, a sake runguma. Wannan fa?

Malamar Reno:
Ita ma illa ce, a nan kam muna tare. Sallama kada ta wuce minti ɗaya zuwa biyu, kuma ta zama iri ɗaya kullum. Misali: a rataye jaka tare, uwa ta durƙusa daidai tsayinsa, runguma ɗaya, ta ce "Zan tafi yanzu, zan zo bayan kun ci abinci kun yi wasa a waje," ta miƙa hannunsa cikin hannun malama, ta juya ta tafi. Miƙa shi hannu da hannun nan yana da muhimmanci. Kada a ajiye shi a tsakiyar aji shi kaɗai.

Idan ta ji ya ƙara murya ta dawo, ta koya masa cewa ƙara murya na dawo da ita. Gobe zai fara daga inda ya tsaya. Leƙe ta taga ma haka yake, in ya hango ta an koma farko.

Hajiya Kaka:
Sannunku da ƙoƙari. Ni maganar shiri a gida zan yi, tun da Malama ta ce can ne aikin yake.

Yaron da bai taɓa yin sa'a ɗaya ba tare da uwarsa ba, kada ranar farko ta makaranta ta zama rabuwarsa ta farko. A fara mako huɗu kafin lokaci. Makon farko, a bar shi da wanda ya sani kuma ya yarda da shi, a cikin gidansu, minti 10 zuwa 15. Uwa ta yi sallamar nan da Malama ta kwatanta, kalmomin nan dai da za ta yi amfani da su a makaranta, ta fita, ta dawo a kan lokaci. Da ta shigo ta ce, "Ka gani? Na ce zan dawo, ga ni na dawo." Wannan jimlar ita ce zuciyar horon, kada a manta da ita.

Mako na biyu a kai minti 30 zuwa sa'a ɗaya. Na uku a canza wuri, a kai shi gidan wanda ya sani, shi ne baƙo yanzu, sa'a ɗaya zuwa biyu. Na huɗu a yi ƙoƙari tsawon ya kusa kai na zaman aji, kuma a yi shi da safe, daidai lokacin da za a riƙa kai shi makaranta. A yi sau uku ko huɗu a mako. Sau ɗaya a mako ya yi nisa, yaro yana mantawa.

Inda ake kuskure: uwa ta ga ya jure minti 15, sai gobe ta yi sa'a huɗu. Tsalle ya yi yawa. Ba a ƙara lokaci sai matakin da ake kai ya zauna, wato yana hucewa cikin 'yan mintuna bayan fitarta kuma yana komawa wasa. In wani mataki ya gagara, a koma na bayansa kwana biyu ko uku. Sannu ba ta hana zuwa.

Wasan ɓuya ma yana taimaka wa ƙanana, da wasan makaranta da 'yar tsana: a kai 'yar tsana aji, uwarta ta yi mata sallama, ta ɗan yi kuka, malama ta rarrashe ta, a yi waƙa, uwa ta dawo. A bar yaron ya zama shi ne uwar wani lokaci. Abin da yake faɗa wa 'yar tsanar zai nuna maki abin da yake tsoro.

Malamin Halayyar Yara:
Hajiya ta gama magana. Abu ɗaya zan ƙara a kan alkawarin lokaci. Ɗan shekara 3 bai san ƙarfe sha biyu ba, bai san sa'a uku ba. Jerin abubuwa ya sani. Shi ya sa ya kamata uwa ta tambayi makaranta tsarin yini tun kafin a fara: shiga aji, waƙa, zane, cin abinci, wasan waje, labari, tashi. Ta zana masa su a takarda ɗaya a jere, hoton ƙarshe ita ce a ƙofa. Kullum da dare su bi takardar da yatsa. A aji, idan ya tambaya, malama za ta iya ce masa, "Yanzu muna zane, saura abinci, saura wasa, saura labari, sai Mama."

Kuma kada a ce masa "yanzu zan dawo" alhali sa'a huɗu za a yi. Shi a wurinsa yanzu yanzu ce. Zai kafa wa ƙofa ido ya ƙi shiga komai.

Shugabar Makaranta:
Ina bin ku a hankali. Akwai inda zan saɓa da Malamar Reno kaɗan. Ajiye yaro a tafi tun ranar farko, ko da an yi sallama mai kyau, ba kowane yaro zai ɗauka ba. A Jamus akwai tsarin da ake kira tsarin Balin (Berlin), wanda aka ɓullo da shi a shekarun 1980, kuma gidajen reno da yawa a can suna bin sa. Kwana uku na farko uwa ko uba na zuwa da yaro su zauna a ajin kamar sa'a ɗaya, babu rabuwa ko ta minti ɗaya. Uwa tana zaune a gefe, ba ta wasa da shi, ba ta tura shi, ba ta kuma latsa waya. In ya zo wurinta ta karɓe shi, in ya tafi ta bar shi. A wannan lokacin malama guda ɗaya ce ke kusantarsa a hankali. Rana ta huɗu ake gwada rabuwar farko, ba ta wuce minti 30, uwa tana kusa. In ya bari malama ta rarrashe shi, sabawar za ta iya kammala cikin kamar mako ɗaya. In bai rarrasu ba sai a kira uwa nan take, a jinkirta gwaji na gaba, abin ya ɗauki mako biyu zuwa uku.

Ma'aunin da suke amfani da shi ya burge ni: ana cewa yaro ya saba ne ranar da ya yarda malama ta rarrashe shi, ko da har yanzu yana kuka a ƙofa.

Malamar Reno:
Hajiya Shugaba, tsarin yana da kyau, amma an gina shi ne musamman don 'yan ƙasa da shekara 3, kuma ana karɓar yara ɗaya bayan ɗaya. A ajin da yara 25 suka fara rana guda, in iyaye 25 suka zauna, malama ba za ta sami yaro ko ɗaya ba. In kuma uwa ɗaya ce ta zauna, sauran yaran da suka yi shiru sai su tuna da nasu iyayen, kuka ya sake tashi.

Shugabar Makaranta:
Haka ne, shi ya sa ba a kwafe shi dungurungum. Ana ɗaukar ruhinsa. A raba sababbin yara rukuni-rukuni, biyar ko shida a rana, maimakon a zuba su gaba ɗaya. A sa ranar ziyara kafin buɗewa, aji babu hayaniya, yaro ya zo da uwarsa minti 30 zuwa 45. Ya ga inda zai rataye jakarsa, ya ga banɗaki ya gwada shi, ya ga inda ake shan ruwa, ya san sunan malamarsa. Ziyara biyu ta fi ɗaya. Uwa ta tsaya ta yi hira da malamar a gabansa cikin fara'a, domin yaro yana yarda da wanda ya ga uwarsa ta yarda da shi. In an ba da izini a ɗauki hoton malamar da na ajin, a riƙa duba su a gida.

Sannan makon farko a gajarta yini: sa'a ɗaya da rabi ko biyu kwana biyun farko, a ƙara a hankali. Iyaye su tambayi makaranta wannan tun wajen rajista. Makarantar da ta ce sam ba ta yarda da ziyara ba, kuma ba za ta gaya maki yadda yaronki ya yini ba, abin dubawa ce.

Anti Nas:
Ba wanda ya taɓo barci, kuma rabin rigimar safe daga nan take. Shawarar ƙwararrun barci ita ce ɗan shekara 3 zuwa 5 ya sami sa'a 10 zuwa 13 a cikin sa'a 24, har da barcin rana. Yaron da ya saba kwanciya ƙarfe 11 na dare ya tashi 9 na safe, in aka tashe shi ƙarfe 6 ranar farko, ko babu tsoron rabuwa sai ya yi kuka.

Ba a gyara wannan a dare ɗaya. A riƙa jawo lokacin kwanciya da na tashi baya da minti 15 duk kwana biyu. In gibin sa'a biyu ne, kun ga ana buƙatar kwana 16, wato fiye da mako biyu. A fi tsananta wa lokacin tashi, domin shi ke jan na kwanciya. A kashe talabijin da waya sa'a ɗaya kafin barci.

Da safe kuma a bar wa kai sarari. A shirya kaya da jaka tun dare, yaro ya zaɓa da kansa tsakanin abu biyu, wannan gorar ruwa ko waccan. Gidan da ake tashi a makare ana daka tsawa ana neman takalmi, yaron zai isa ƙofar aji zuciyarsa ta riga ta tashi. Kuma a isa da wuri kaɗan. Shiga aji mai yara uku ya fi sauƙi a kan shiga wanda ya cika yana amo, ga shi malama tana da hannun karɓarsa.

Hajiya Kaka:
Anti, ki ƙara da banɗaki. Yara da yawa abin da ke cin su ke nan ba sa iya faɗa. A koya masa sauke wando da mayarwa, wanke hannu, buɗe gorar ruwa da mazubin abincinsa da kansa. A ba shi kaya masu roba a ƙugu, a bar masu maɓalli da bel tukuna. A koya masa jimla uku ya iya faɗa da ƙarfi: ina jin fitsari, ina jin ƙishirwa, wani ya dake ni. A sa kayan canji a jaka, a gaya masa suna nan, kuma in ya jiƙa wando ba za a yi masa faɗa ba.

Malamin Halayyar Yara:
Akwai abin da ke da nauyin faɗa, amma dole. Sau da yawa tsoron daga fuskar babba yake tasowa. An yi wani gwaji da aka wallafa a 1985: a ɗora ɗan shekara ɗaya a kan tebur mai gilashi wanda rabinsa ke kama da rami, uwa tana ɗaya gefen. Idan ta yi murmushi yawancin yaran suna rarrafawa su ƙetare. Idan ta nuna tsoro a fuska, babu wanda ya ƙetare. Yaro a sabon wuri fuskar uwarsa yake karantawa ya san ko akwai haɗari.

Uwar da ke cewa "kada ka ji tsoro, ba abin da zai same ka" muryarta na rawa, tana sake gyara masa kwala karo na biyar, saƙo biyu take aikawa, kuma na jikin zai ɗauka. Ba laifi ba ne uwa ta ji zafin rabuwar, dole ta ji. Ta riƙe hawayen har ta fita daga harabar. In ta san ba za ta iya ba, uba ko wani babba da yaron ya saba da shi ya riƙa kai shi makon farko. Yara da yawa sun fi saurin sakin wanda ba shi ne suka fi maƙale wa ba, tun da an riga an yi babbar sallamar a gida, inda hankalinsu yake kwance.

Kuma kada a musanta masa abin da yake ji. "Ai kai babba ne, manya ba sa kuka" yana ƙara masa kunya a kan tsoro. Gara a ce, "Na san ba ka so in tafi, kana kewata. Malama za ta kula da kai, ni kuma zan zo bayan labari."

Baban Yara:
To batun alkawarin kyauta fa? "In ba ka yi kuka ba zan saya maka kaza." Yana aiki.

Malamar Reno:
Yana aiki kwana biyu. Matsalarsa an ɗaura ladan a kan abin da yaro ba shi da iko da shi. Hawaye zuwa suke yi. In ya yi kuka ya rasa uwa ya rasa kyauta, sai baƙin cikin ya ninku. In za a yaba, a yaba abin da ya aikata: ka shiga aji da ƙafarka, ka rataye jakarka, ka ba malama hannu duk da kana kuka. Wannan jarumtaka ce ta gaske, a faɗa masa.

Wanda ya fi wannan muni shi ne tsoratarwa da makaranta tun a gida. "Bari a kai ka makaranta, malama za ta gyara maka zama." Watanni ana faɗa masa haka duk lokacin da ya yi ɓarna, sannan a yi mamaki ya ƙi shiga. A ja kunnen yayyensa ma, domin su ne gwanayen ba da labarin ban tsoro. A ɗaya gefen kuma kada a zuzuta, a ce zai yi ta wasa yini guda babu abin da zai ɓata masa rai. A faɗi abin da zai tarar daidai yadda yake.

Anti Nas:
Wani abu daga gida a jaka yana taimakawa sosai. Likitan yara Donald Winnicott ya yi bayanin wannan tun farkon shekarun 1950, yadda yaro ke riƙe wani tsumma ko 'yar tsana ya tsaya masa a madadin uwa idan ba ta nan. Ya zama ƙarami, mai shiga aljihu, mai wankuwa, marar tsada: hankicin uwa mai ƙamshinta, ko hoton iyali da aka lulluɓe da leda. A rubuta sunansa a jiki, a tanadi na biyu a gida, don ranar da ya ɓace ba ƙaramin tashin hankali ba ne. A guji abin wasa mai ƙara ko mai ɗaukar ido, sauran yara za su yi masa rubdugu a kai. A sanar da malama don kada ta ƙwace. Da kansa zai fara mantawa da shi a jaka idan ya saba.

Shugabar Makaranta:
Lokacin ɗauka ya fi lokacin kaiwa muhimmanci a makonni biyun farko, kuma iyaye sun fi sakaci da shi. A zo minti 10 kafin tashi. Babu abin da ke rusa aikin mako guda kamar yaro ya ga ana ɗaukar 'yan ajinsa ɗaya bayan ɗaya, shi yana zaune da jaka a baya, aji ya watse. In wani ne zai zo ɗaukarsa, a gaya masa tun safe, da suna. In uzuri ya tsare ki, ki kira makaranta a sanar da shi.

Kada kuma a firgita in ya fashe da kuka da ya gan ki, ko ya yi ta rigima da yamma a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ya yini yana danne kansa a gaban baƙi, sai da ya ga wadda ya aminta da ita ya sauke. A ba shi ruwa da abin ci, a bar shi ya huta, a ɗage tambayoyi. "Me kuka yi yau?" ta yi masa faɗi. "Wa ya zauna kusa da kai?" ko "Wace waƙa kuka yi?" sun fi samun amsa. Kada tambayar farko ta zama "Ka yi kuka?"

Ranar Litinin, da bayan hutu, da bayan jinya, kuka kan dawo ko ga wanda ya saba. Wasu ma makon farko lafiya lau suke yi, sai a na biyu su gane abin na kullum ne. A ci gaba da kai shi. Barinsa a gida ranar da ya fi kuka yana sanyaya zuciyar kowa a ranar, amma yana ƙara wa gobe wuya.

Baban Yara:
Ga tambaya ta gaskiya. Yaushe za a ce abin ya wuce na sabo, ya zama matsala?

Anti Nas:
Abin da za a fara tambayar malama shi ne: minti nawa yake ɗauka kafin ya yi shiru, yana cin abincinsa, yana shiga wasa? Wanda ke hucewa cikin minti 10 zuwa 15 kuma yana wasa, lafiya yake, ko da ya yi mako uku yana kukan ƙofa. Wanda ke yini a lungu, ba ci ba sha ba wasa, kuma mako bayan mako babu sauƙi, shi ne abin damuwa.

Likitoci suna kiran abin lalura ne idan tsoron ya wuce abin da ya dace da shekarun yaro, ya kai aƙalla mako 4, kuma yana hana shi rayuwar yau da kullum. Ana ƙiyasta kusan yara 4 cikin 100 ke fama da ita. Alamominta: yawan faɗin cewa wani abu zai sami uwarsa ko za a sace shi, mafarkin rabuwa a kai a kai, ƙin zama a ɗaki shi kaɗai ko a gida, ciwon ciki ko ciwon kai ko amai duk safiyar makaranta da ke ɓacewa ranar hutu. Ciwon cikin nan da gaske yake jin sa, kada a ce ƙarya yake. A kai shi likitan yara ya duba ko akwai wata cuta, in babu a nemi masanin halayyar yara. Maganin da aka fi amfani da shi horo ne na fuskantar rabuwa mataki-mataki tare da iyaye, kuma yana da tasiri idan an fara da wuri.

Haka nan yaron da ke surutu a gida amma bai furta ko kalma a makaranta ba har bayan watan farko ya wuce, a nemi a duba shi, kada a bar shi da sunan kunya.

Malamin Halayyar Yara:
A bambance wannan da wani abu dabam. Yaron da ya riga ya saba, yana shiga aji da gudu, sai rana ɗaya ya juye, yana ƙin wani mutum takamaimai ko wani wuri kamar banɗaki ko motar makaranta, ya koma fitsarin kwance, ko aka ga rauni a jikinsa da ba a san asalinsa ba, wannan ba a yi masa maganin sabo. A zauna da shi a natse, a yi tambaya buɗaɗɗiya ba tare da sa masa magana a baki ba, kamar "Gaya min abin da ke faruwa idan kun je banɗaki." A je makarantar a ga shugaba a ranar, kuma kada a mayar da shi hannun wanda yake tsoro kafin a gano abin da ya faru.

Hajiya Kaka:
Saura masu jego ko masu tsohon ciki. In haihuwa za ta zo kusa da buɗe makaranta, a yi ƙoƙari a sa tazarar wata ɗaya ko biyu tsakanin abubuwan biyu, in da hali a fara makarantar kafin haihuwar. Yaron da aka kawo masa ƙane yau, jibi aka kai shi makaranta, gani yake an kore shi ne don a zauna da sabon. In ba yadda za a yi, uwa ta ware masa minti 15 kullum bayan ya dawo, ita da shi kaɗai, jariri a hannun wani. Kuma kada a haɗa masa da cire shi daga ɗakin uwa ko raba shi da famfas a watan nan, a bar waɗannan sai ya zauna da gindinsa a aji.